Duron Barkonon Malam Aƙilu

Ranar Litinin da hantsi, Sufeto Jibril yana ofishinsa a Funtua yana fama da rahoton satar buhunan masara, na uku a watan, sai Sajan Ladidi ta leƙo.

"Yallaɓai, ga wani dattijo ya ce an sace masa wasan kwaikwayo."

"An sace masa me?"

"Haka ya ce. Ni ma sau biyu na tambaya."

Sufeto ya ja tsaki. Shekara ashirin da biyu yana aikin nan, kuma shi dai a kawo masa satar da ake ɗorawa a sikeli, ko mai ƙafa huɗu. Amma ya ce a shigo da shi.

Dattijon ya shigo yana dafe da kafaɗar wata matashiya. Sunansa Malam Aƙilu, tsohon malamin Turanci ne da ya yi ritaya, shekara huɗu ke nan da ciwo ya cinye masa ido. Matashiyar Najiba ce, 'yar ƙanwarsa. Shi ya kafa Ƙungiyar Fitila, 'yan wasan da ke zagaya garuruwa duk bayan girbi. Bana sun ɗauko wasanni shida na Turawan Ingila na dā, waɗanda Malam ya shafe shekara talatin yana mayarwa Hausa.

"Uku na dariya, uku na kuka," in ji shi. "Na dariyar da biki suke ƙarewa, na kukan da gawa. Mun yi Funtua da Maska da Kafur. Na ƙarshe ranar Asabar ne a Malumfashi."

"To me aka ɗauka?"

"Littattafan. Goma sha biyu, rubutun hannu, babu kwafi ko ɗaya. An bar mini wasu sababbi a wurinsu, babu ko ɗigon biro a ciki."

Sufeto ya dubi idanun dattijon. "Ka yi haƙuri, Malam. Yaya aka yi ka gane, tunda ba ka gani?"

Malam Aƙilu ya ce wa Najiba ta jira shi a waje. Sai da ya ji ƙarar ƙofa sannan ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar wanda aka kama da abin kunya.

"Ni mai danna biro ne, Sufeto. Idan ka shafa bayan takardata za ka ji rubutun. Matata Hansai ma haka take. A littafi na uku, wasan dariya ne, ita ta gyara mini maganganun mata a gefen shafi. Cewa take yi, Malam, mace ba ta magana haka. Shekara shida da rasuwarta. Duk Lahadi in gida ya yi shiru nakan buɗe in shafa. Babu wanda ya sani. Jiya na shafa, na ji takarda sumul."

Sufeto ya ture rahoton masara gefe.

"Sauran in sun ɓata, sun ɓata," in ji Malam. "Na ukun nan nake so ka nemo mini."

Gidan Malam yana bayan tsohuwar kasuwar auduga. A kusurwar ɗakinsa akwai ƙaramin duro na ƙarfe mai murfi da kwado. Kwadon lafiyarsa ƙalau. Makullin kuwa yana wuyan Malam a zare.

Malam ya buɗe kwadon, Sufeto ya sunkuya ya ɗaga murfin da ƙarfinsa. Sajan Ladidi, wadda ta girma a gidan manoma a Kafur, tun da ta ga duron ta ja da baya ta toshe hanci, ba ta gargaɗe shi ba.

Atishawa ta sarƙe shi. Ya yi bakwai a jere, hawaye na zuba, hularsa ta faɗi ƙasa.

"Garin barkono ne, Yallaɓai," in ji Ladidi daga bakin ƙofa. "Haka ake ajiye wake kada ƙwari su ci."

"Sai yanzu za ki faɗa mini?"

"Gara ta taɓa cinye mini littafi guda," in ji Malam. "Tun daga nan nake ajiye su yadda mahaifina ke ajiye wake."

Da idonsa ya washe, Sufeto ya duba ciki. Littattafan rubutu ne sha biyu, sababbi fil, an ɗaure su huɗu-huɗu da igiyar rama. Malam ya ce haka nasa suke ɗaure, har irin ƙullin. Ke nan ɓarawon ya san yadda hannun Malam ke ƙirga kayansa.

Ana cikin haka aka yi sallama. Wani dattijo siriri mai farin gemu ya shigo da sauri, ya durƙusa ya riƙe hannun Malam Aƙilu.

"Innalillahi! Aƙilu, yanzu Najiba ta buga mini. Wane marar imani ne wannan?"

Malam Shitu ke nan, abokin Malam tun suna kwalejin horon malamai. Tare suka kafa ƙungiyar. Shi ne mai tuni, wato wanda ke zama bayan labule da littafi yana raɗa wa ɗan wasa in ya manta maganarsa. Tun da idon Malam ya tafi, shi ke buɗe duron, kuma littattafai huɗu na ƙarshe shi ya rubuta da hannunsa, Malam yana faɗa.

"Yaushe rabonka da buɗe duron nan?" in ji Sufeto.

"Alhamis. Na duba wata magana na mayar, duk suna nan. Na miƙa masa makullinsa a hannu."

"Juma'a kana ina?"

"Gonata a Ƙarfi. Wuni na yi ina ƙona kara."

Yana magana yana jujjuya sababbin littattafan a cikin duron, jan gari na tashi. Sufeto ya sake atishawa. Malam Shitu ko gezau.

"Kai ba ya damunka?"

"Shekara nawa ina shaƙarsa, Yallaɓai? Ni yanzu ko jinsa ba na yi." Ya rage murya. "Ba na son ɗaukar alhaki. Amma a tambayi Mahadi. Makon jiya ya yi wa Aƙilu tsawa a gaban jama'a a kan littattafan nan."

A wani tsohon sito na auduga suke gwaji. Sufeto ya isa bayan azahar, ya tarar da mutum goma sha wani abu, kowa riƙe da 'yan takardu a naɗe. Najiba ta yi masa bayani. Malam ba ya ba kowa wasa cikakke. Kowane ɗan wasa maganarsa kawai ake kwafar masa, da kalmomi uku na ƙarshe na wanda zai yi magana kafin shi. Sai a dandamali ne abin ke haɗuwa.

"Kawu cewa yake yi in ka san abin da za a ce maka, ba za ka saurara ba," in ji ta. "Shi ya sa in babu littafi a bayan labule, babu wasa."

Mahadi shi ne jarumin ƙungiyar, dogo, mai son a kalle shi. Sufeto ya ja shi gefe.

"Me ya haɗa ka da Malam?"

"Cewa na yi a ba mu wasan gaba ɗaya mu ɗauka a waya. Ya ce ba zai ba ni ba. Shi ke nan."

"Juma'a kana ina?"

"Maska. Muna casar masara a gonar babana."

"Nuna mini hannunka."

Mahadi ya miƙa. Tafin hannun laushi kamar na mai jego. Sajan Ladidi ta yi dariya a fili.

"Wannan hannun ko buhu bai ɗaga ba bana," in ji ta. "Kuma injin casa bai shiga Maska ranar Juma'a ba, ƙanena ke tuƙa shi."

Mahadi ya fara gumi. Ya waiga ya tabbatar babu mai ji.

"Don Allah kada Malam ya sani. Kano na je. Masu fim ne suka kira gwaji. In ya ji zai ce na ci amanarsa, shi ya koya mini tsayuwa a gaban mutane."

Ya buɗe wayarsa ya nuna hotuna, da ranar da lokacin a jiki. Sufeto ya duba ya mayar masa.

"Ta wace hanya ka bi?"

"Ta Malumfashi." Sai ya ƙara da cewa, "Na ma ga Baba Shitu a tasha, wajen ƙarfe goma, da baƙar jaka a hammata. Na sunkuyar da kai don kada ya gan ni."

"Ka tabbata shi ne?"

"Yallaɓai, mutumin da yake raɗa mini magana a kunne shekara tara?"

Sufeto ya koma mota shi da Sajan Ladidi. Ransa ba ya son inda zancen ya nufa. Ya ga yadda dattijon nan ya durƙusa ya riƙe hannun makaho, kuma ya so a ce da gaske ne.

"Sajan, in kin saci littafin rubutun hannu, me za ki yi da shi?"

"Ni? In kunna wuta."

"In kina son ya zama naki fa?"

"Sai in kai a buga mini a kwamfuta."

"To gobe Malumfashi. Kuma kada ki tambayi kowa zancen littafi. Ki duba mini wanda mura ta kama."

Talata da safe suka bi shagunan buga takardu na Malumfashi ɗaya bayan ɗaya. Na farko da na biyu kowa garau. A na huɗu, kusa da tasha, tun daga waje suka ji atishawa.

Mai shagon wata mata ce, Naja'atu. Ta ɗaure hanci da hankici, idanunta jajur, fanka a kashe duk da zafi.

"In na kunna fanka sai kowa ya gudu," in ji ta. "Wani dattijo ne ya kawo mini aiki ranar Juma'a. Wallahi kwana huɗu ke nan ko kwalli ban iya sawa ba. Na ce masa, Baba, a tukunyar yaji ka dafa su? Ya ce shi bai ji komai ba."

"Muna iya gani?"

Ta jawo baƙar jaka daga ƙarƙashin tebur. Littattafai sha biyu. Huɗu sun tsufa, gefensu ja, su ne masu barkonon. Takwas kuwa tsaf suke, ba su taɓa kwana a duro ba. Sufeto ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Duka sha biyun hannu ɗaya ne ya rubuta su, siririn rubutu mai kyau wanda da ƙyar yake taɓa takarda.

Ya ɗauki na uku ya duba gefen shafukan. Fari fat.

"Ina shafin farko da kika buga?"

Ta juya masa kwamfutar. An rubuta da manyan baƙaƙe: Wasanni Shida na Ingila, Fassarar Shitu Maitama.

"Ya ce aikin rayuwarsa ne," in ji Naja'atu. "Har na taya shi murna. Ya ce Juma'a zai zo ya karɓi biyu, akwai wasa ranar Asabar."

Sajan Ladidi ta rubuta bayaninta, ta sa hannu. A hanyar komawa Sufeto ya sa direba ya ratse Ƙarfi. Wani manomi ya nuna musu gonar Malam Shitu. An ƙona kara, gaskiya ne. Sufeto ya sa sanda ya tona tokar da ta fi tudu. Ya tsinci ƙananan wayoyin da ke riƙe tsakiyar littafi, sun yi baƙi, da guntun bango wanda wuta ta bari. Ya zuba su a ambulan, suka kama hanyar Funtua.

Laraba bayan la'asar ana gwajin wasan ƙarshe a sito. Malam Aƙilu yana kan kujerar roba a gaba. A bayan labule Malam Shitu ne a kan benci, hannu wayam, yana yi wa 'yan wasa tuni da ka. Tun jiya suke sa masa albarka, suna cewa ba don shi ba da wasan Malumfashi ya rushe.

Sufeto ya shigo ya ajiye jakar a cinyar Malam Aƙilu.

"Malam, duba mini waɗannan."

Gwaji ya tsaya. Malam ya zaro littafin farko, ya shinshina, ya shafa bayan shafi. Ya ajiye. Ya ɗauki na biyu. Da ya zo na uku sai ya daɗe, yana bin gefen kowane shafi da yatsa, daga sama har ƙasa.

"Wannan ba hannuna ba ne," in ji shi. "Hannun Shitu ne. Shi ba ya danna biro."

"Malam Shitu, fito," in ji Sufeto.

Ya fito a hankali yana gyara hula.

"Ka ce mini Juma'a wuni ka yi a gona."

"Haka ne."

"Ƙarfe goma an gan ka a tashar Malumfashi."

"Mai kama da ni dai."

"Naja'atu mai shagon buga takardu ma mai kama da kai ta gani? Ga bayaninta. Ga shafin da ka sa ta buga." Sufeto ya karanta sunan da ƙarfi, kowa ya ji. "Ka yi dabara, Malam Shitu. Ka san ƙullin igiya, ka san ba ya gani. Abu ɗaya ka manta. Kai barkonon ya daina yi maka komai, sai ka ɗauka kowa ma haka ne."

Najiba ta dafe baki. Malam Shitu ya dubi littattafan, ya dubi 'yan wasan da ke sa masa albarka ɗazu, sai kafaɗunsa suka sauka.

"Ni ne," in ji shi. "Shekara biyu ina kwafa. In na ɗauki littafi don fitar wa yara maganganunsu, sai in kwafe shi duka a gida."

"Shitu," in ji Malam Aƙilu.

"Kada ka kira ni haka kamar ba ka san dalili ba!" Muryarsa ta tashi, irin tashin da ba a taɓa ji daga bayan labule ba. "Shekara talatin ina zaune a benci ina raɗa. An taɓa tafa mini? In Turancin ya cije maka, wa kake aikawa a kira? Jawabin da ya sa matan Kafur kuka makon jiya, wa ya samo Hausarsa? Faɗa musu, Aƙilu!"

"Kai ne."

"To ina sunana? Ni na kai takardar sanarwa wurin bugu. Sunanka, sunan Mahadi, har sunan mai ba mu aron lasifika. Na karanta maka ita da bakina, ka ce ta yi kyau."

Malam Aƙilu ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ka faɗa. Ban taɓa tunawa ba. Wallahi ban taɓa ba, kuma wannan laifina ne. Da ka buɗe baki sau ɗaya..."

"Sai na roƙa?"

Sufeto ya san mai laifi yana iya faɗar gaskiya, kuma gaskiyar ba ta wanke shi.

"Ka riƙe sunan," in ji Malam Aƙilu. "A buga da naka, ni ban damu ba. Ka dawo mini da nawa takwas ɗin kawai. Ina ka ajiye su?"

Malam Shitu ya kau da kai.

Sufeto ya so a ce wani ne zai yi wannan aikin. Ya buɗe ambulan, ya kama hannun Malam Aƙilu, ya zuba masa abin da ke ciki a tafi. Dattijon ya murza ƙananan wayoyin, ya kai guntun bangon hancinsa. Ƙaurin wuta ne.

"In suna nan, za a ce kai ka rubuta," in ji Malam Shitu, ƙasa-ƙasa. "Ba ni da wata hanya. Amma ban bar ko kalma ɗaya ba, Aƙilu. Duk na kwafe. Har gyaran da ke gefe na shigar da shi cikin layi."

"Har da na uku?"

"Na ce maka duk na..."

"Shitu. Na uku. Ka sa shi a wuta?"

"Har da shi."

"Ka san hannun wa ke ciki. A gidanka aka ɗaura mana aure. Kai ka shiga kabarinta ka karɓe ta."

Mutumin da ya shekara talatin yana ba wasu magana, ga shi tsaye tasa ta ƙare.

Sajan Ladidi ta ciro ankwa. Sufeto ya girgiza mata kai, ya kama dattijon a damtse.

"Malam Shitu Maitama, na kama ka da laifin sata da cin amana da lalata kayan wani. Mu je."

'Yan wasan suka dare suka ba su hanya. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya yi masa sallama. A bakin ƙofa ya waiga sau ɗaya, amma wanda yake so ya dube shi ba ya gani.

Bayan an sa shi a mota, Sufeto ya koma ciki don karɓar sa hannun Malam. Ya tarar Najiba ta durƙusa a gaban kawunta tana kuka.

"Kawu, a fasa na Asabar ɗin."

"Ba za a fasa ba. An gaya wa mutane." Ya laluba ya miƙa mata littattafai biyu na ƙarshe. "Sufeto, a bar mana waɗannan zuwa Asabar. Najiba, ke ki zauna a bencin. Kuma ki je wurin masu bugu, a sake takardar sanarwa, a sa sunansa kusa da nawa. Haƙƙinsa ne."

"Bayan abin da ya yi?"

"Na ce haƙƙinsa ne. Ban ce na yafe ba."

Sufeto ya miƙa masa biro, ya ɗora masa hannu a inda zai sa. Malam Aƙilu ya danna har takardar ta kusa hujewa. Sannan ya jawo littafi na uku ya buɗe a cinyarsa, ya ɗora yatsa a gefen shafin, inda ya saba farawa duk Lahadi.

"Ka yi aikinka, Sufeto, na gode," in ji shi. "Amma babu kowa a nan."